Za a Huda Randar Inna

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma tun da gari ya waye nake neman wanda zan ɗora wa laifinsa. Matata Lantana ta ce ɗanwaken da na ci ne bayan isha'i, wai tsoho da ɗanwake ba sa kwana ɗaki ɗaya lafiya. Ni kuwa Nadabo na fi zargi.

Nadabo taubashina ne, ɗan kawuna. Tun muna yara nake ce masa bawana, shi ma yana ce mini bawansa, har yau ba a raba gardamar ba. Sana'arsa sayar da furanni a bakin titi cikin baƙaƙen ledoji, amma in ka kira shi mai sayar da ciyawa sai ya kumbura, wai shi mai tsara lambu ne. Duk shekara in damina ta ɗauke aka shiga kaka, akan yi bajekolin kayan gida da na lambu da na gargajiya a filin ƙwallon garinmu. Masaƙa da maƙera da masassaƙa da dillalan tsofaffin kaya kowa ya kafa rumfa, manya su zo su zaga da hannu a baya suna gyaɗa kai kamar sun gane, a ƙarshe a miƙa wa wani kofi. Nadabo bai taɓa ɗaukar kofin nan ba, kuma abin yana cin ransa.

Jiya da yamma ya zo ya tsaya a ƙofar gidana yana kallon randar Inna, irin kallon da mahauci ke yi wa sa.

Inna, mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ita ta kafa randar nan a gindin dalbejiyar ƙofar gida, a kan jiƙaƙƙen yashi, da faifai a bakinta da moɗar ƙarfe ɗaure da igiya, don duk mai wucewa ya sha. 'Yan acaba suna sha, masu turin baro suna sha, Fulani masu tallan nono suna sha. Har Gwamna, mahaukacin unguwarmu, yana sha, kuma in ya gama ya mayar da faifai ya rufe, abin da wasu masu hankalin ba sa yi. Ni ne ɗan farin Inna, saboda haka har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ta hira da ni, ba ta haɗa ido da ni, alkunya ta hana. In na dawo daga makaranta, daga baya kuma daga wurin aiki, fuska duk gumi, sai ta dubi bango, ko kaza, ko duk abin da ke kusa, ta ce, "Akwai ruwa a randa." Iyakar ƙaunar da aka nuna mini a fili ke nan, kuma ta ishe ni girma.

"Bawana," in ji Nadabo, yana shafa cikin randar, "ka ga wannan gansakukar da ke jikinta? Ba a saya a kasuwa. Irin wannan matan manya suke mutuwa a kai. Zan huda gindinta da ƙusa don ruwa ya riƙa tsiyayewa, in cika ta da ƙasa, in dasa mata jan fure. Kofin bana nawa ne."

"A huda?"

"'Yar ƙaramar huda, ko ɗan yatsa ba zai shiga ba. Kuma za a faɗi sunanka a lasifika gaban manyan baƙi: daga gidan Malam Sallau. 'Yan talabijin ma za su zo. Kai da ke da firiji a ɗaki, me za ka yi da randa?"

A nan ya kama ni. Wanda ya tashi uwarsa ba ta kiran sunansa, in aka ce masa lasifika za ta kira, sai ya ji wani sanyi ya ratsa shi. Na ce ya zo da safe ya ɗauka. Da ɗan garuwa ya zo cika ta kamar kullum, na ce ya bari, ba sai an sha wahalar juyewa ba. Lantana ta dire mini kwanon ɗanwake har mai ya fallatsa, ta ce, "Malam, randa dai in aka huda gindinta ta gama zama randa." Na ce mata ita ba ta san harkar ci gaba ba. Na cinye ɗanwakena tas, na kwanta.

Sai ga ni da rana tsaka a bakin bajekoli.

Ƙofa ce ita kaɗai tsaye a tsakiyar fili, ba katanga ta dama, ba ta hagu, amma jama'a sun yi layi suna turereniya sai lallai ta nan za su shiga. Na bi layi, don ni ba na son rashin tsari. Mai gadin ƙofar wata tabarya ce da jar hula. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Kallo ka zo, ko a kalle ka?"

"Sunana na zo ji a lasifika."

"To, a kalle ka ke nan. Wuce."

Ta ɗan ƙwanƙwashe ni a tsakiyar ka, wai tikitin ke nan, in kula kada ya ɓata.

Layin farko na lokutan shekara ne, kowanne da rumfarsa. Damina ta baje ruwanta, sai dai daga ƙasa yake tsattsafowa ya tafi sama, don haka kowa ya juya lemarsa ya tsaya a ciki yana tsalle kamar kwaɗo. Kaka tana zaune a kan buhuna ta yi ɓul-ɓul, duk talakan da ya tsaya gabanta sai ya wuce da sabon keke da sabuwar murya. A can ƙarshe ga Bazara, wata siririyar tsohuwa mai jajayen idanu, tana ƙulla zafin rana a leda kamar mai ƙullin yaji.

"Ɗanɗana, Malam," in ji ta. "Na bana ne. Kyauta."

Abin kyauta ba ya wuce ni, ko da mari ne sai na tambayi na wane kunci. Na kwance ƙulli na haɗiye. Nan take harshena ya bushe ya zama kamar kilishin da aka manta a rana. Na ruga wajen Damina na buɗe baki, amma ruwan sai ya shiga ta ƙafar wando ya fita ta wuyan riga, ko leɓena bai taɓa ba. Na cire hula zan tsaya da ka in tare shi, Damina ta daka mini tsawa.

"Kai! Ba na sha ba ne. Na ado ne."

Sai ga ni a layin tsofaffin kaya. Dillalin wurin wani mutum ne mai gashin baki ɓari ɗaya, ɗaya ɓarin wai ya sayar wa wani Bature. A bayan rumfarsa an tara sababbin bokitan roba ana shafa musu baƙin tukunya ana tofa musu ruwan goro, in sun bushe a kawo su gaba su zama kayan kaka da kakanni. Wata Hajiya mai gwal har gwiwar hannu tana tsaye yana yi mata bayani.

"Wannan cokalin, ranki ya daɗe, tun kafin a ƙirƙiro miya aka ƙera shi. Shekara da shekaru yana zaune ba aiki. Wannan tsanin kuwa, da shi aka hau aka rataye wata."

"Wancan akushin fa?"

"A cikinsa aka kashe yunwa ta farko."

Hajiya ta ce a naɗe mata duka, har da yunwar in akwai saura.

Na hango wani tulu a gefe, baƙi wuluk, mai kyan wuya. Na ɗauka na kafa kai, sai na hango yatsun ƙafata ta cikinsa. Ba gindi.

"Na ado ne," in ji dillali. Sa'an nan ya ƙura mini ido. Ya zagaya ni, ya ɗaga leɓena ya duba haƙora, ya ƙwanƙwasa cikina da ɗan yatsa ya kara kunne, yadda mata ke yi in za su sayi tukunya. "Wannan na asali ne," ya gaya wa Hajiya. "Ko baƙin tukunya ba ya bukata. Wa ya kawo ka, Baba?"

"Ƙafata."

"Ita ma tsohuwa ce. A haɗa da ita."

Na tattara rigata na yi gaba kafin a naɗe ni.

Layin masu sana'ar hannu ya fi ko'ina cika. Na ga masaƙi yana saƙa tabarmar da za a rataye a bango, duk wanda ya zauna a kai a kai shi kotu. Na ga maƙeri yana goge kaifin wuƙa da dutse har ta dakushe, ya ɗaga ta jama'a suka yi tafi. Wani masassaƙi ya jera ludaya, kowanne da rami a tsakiya. Wata mai tsintsiya ta sa wa tsintsiyoyinta safa kada su taɓa ƙasa. Duk inda na ce a taimaka mini da ruwa, amsa ɗaya ce. Wata mata ma ta miƙo mini kofi cike fal, na kai baki, ashe zanen ruwa ne a ciki, wai na ƙanƙara. Na lasa duk da haka. Fenti ne, kuma bai bushe ba.

Sai ga ni cikin ɗakin zamani, a sashen kayan gida. Kujeru suna zaune a kan mutane, sun ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya suna hira. Ga labule har ƙasa, bayansa ba taga. Ga gado an gyara shi, an kewaye shi da igiya, masu gidan suna kwance a ƙarƙashinsa suna yabon laushinsa. A tsakiyar ɗakin kuwa, kan mazaunin shugaban taro, firiji ne sanye da babbar riga da 'yar ciki. Na gane shi, nawa ne, ga lotsawar da ke gefensa inda nake harbinsa in ya ƙi rufuwa.

Na durƙusa, don yanzu ya zama babba.

"Ranka ya daɗe, ruwa."

Ya buɗe ƙirjinsa. Ga takalman sallar Lantana, ga albasa, ga tsohon rediyona, duk yadda muka bar su.

"Sai an kawo wuta," ya ce.

"Yaushe za a kawo?"

"Ni ma tun ran da na zo gidanka nake wannan tambaya." Ya waiga dama da hagu, ya sunkuyo ya rage murya. Gumi ne ke bin goshinsa. "Tsakanina da kai, Malam, kada ka tona mini asiri gaban kujeru. Ni ma in zafi ya ishe ni, randar ƙofar gida nake lallaɓawa in sha."

Sai a lokacin randar ta faɗo mini a rai. Na tuna sanyin ruwanta mai ƙamshin ƙasa da kajijin da Inna ke turara ta da shi, wanda in ka sha kake jin saukarsa har cikin ƙashi. Maƙogwarona ya yi wata ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

"Ina take?"

"Sashen lambu, layin huda. In za ka yi sauri yi, bawanka ya wasa ƙusa."

Sashen lambu ba abin da ba a dasa wa fure ba. An dasa a buta, an dasa a takalmi, an dasa a kwanon awo. An dasa a hular wani kansila alhali kansa na ciki, yana ta jawabi ana ba shi ruwa ta kunne. Alƙaliyar gasar wata akuya ce mai tabarau da mayafi, ana bin ta da lema. In ta zo gaban fure sai ta dube shi da kyau, ta ja da baya, ta karkata kai, sa'an nan ta cinye shi har saiwa. Wanda ta yi wa gyatsa shi ne na ɗaya. Wanda ta bar wa 'yan ƙwallaye a ƙasa shi ne na biyu, ya kwashe ya kai gida ya nuna wa iyali.

A bakin hanya na tarar da mutanen da na sani, an jera su a kan benci. Ga ɗan acaban nan mai jan babur da ke tsayawa ƙofata kullum da azahar, ga Bafulatanar da ke sauke ƙwaryarta a gindin dalbejiya, ga masu baro, ga ɗan garuwa da kansa. Kowannensu baki buɗe, an cika shi da ƙasa, fure ya fito ya yi kyau. Suka bi ni da ido. Na yi musu sannu, ba wanda ya iya amsawa, furannin ne kawai suka kaɗa. A ƙarshen benci ga Gwamna da tsummokaransa. Shi ya sa hannu ya tumɓuke nasa furen, ya tofar da ƙasa.

"Sallau," ya ce, "ni ne mahaukacin, amma ban taɓa barin ta a buɗe ba."

Ya mayar da furensa ya daddanna ƙasar da yatsa.

Layin huda dogo ne. Randuna da tuluna sun jeru kamar mata a asibiti ranar awo, suna ta ƙus-ƙus. Kowace ta shiga sai ka ji ƙwal, ta fito da fure a ka tana tafiya tana ɗiga. Nadabo na zaune kan doguwar kujera cikin farar rigar likita, guduma a dama, a hagu ƙusa mai tsawon sandar makiyayi. A gaban layin kuwa ga randar Inna tsaye, faifai a kanta, moɗa na reto a wuyanta, gansakukarta shar. Ita ce ta gaba.

A bayanta, cikin 'yar inuwa, wata tsohuwa ce zaune kan kujera 'yar tsugunno, ta ba ni baya, tana tsinkar zogale a faranti. Ko a cikin dubu na san wannan ƙeyar da wannan ɗaurin zanen. Ban yi mamakin ganin Inna ba, duk da da hannuna na sa ta a kabari. Abin da ya ba ni mamaki, ashe har can ana samun zogale.

Na ɗaga ƙafa zan ruga, sai na ji an sure ni ta baya. Dillalin nan ne mai rabin gashin baki da mutanensa.

"Ga shi nan! Tun ɗazu muke nemanka, an yi maka wuri."

Suka tsayar da ni cikin wani ƙaton turmi, suka zuba ƙasa har gwiwa, suka danna, suka barbaɗa takin awaki. Wani ya gyara mini hula, wani ya ce a bar ta a karkace, ta fi kama da ta da. Ina ji yatsun ƙafata suka fara miƙewa cikin ƙasar suna neman laima, su ma ba su samu ba.

Sai lasifika ta yi gyaran murya.

"Jama'a, manyan baƙi, ga abin da kuke jira! Daga gidan Malam Sallau! Malam Sallau da kansa! Sallau na asali, ba a taɓa yi masa gyara ba! Sallau! Sallau!"

Fili ya ɗauki tafi. 'Yan talabijin suka matso da na'urarsu har tana taɓa mini hanci. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Na ɗaga hannu ina gaida jama'a daga cikin turmi kamar ɗan takara. Amma lasifikar ta ƙi yin shiru. Ta kira, ta sake kira, ta kira da waƙa, ta kira da kuka, har sunan ya gaji ya faɗo daga bakinta ya kwanta a ƙasa yana haki. Akuya ta zo da tabaranta ta shinshine shi, ta kau da kai ta wuce. Akuyar da na ga ta ci takalmi ɗazu.

Duk wannan hayaniya Inna ba ta waiwayo ba. Zogalenta kawai take tsinka. Da wuri ya lafa sai na ji muryarta, a hankali, yadda na saba jinta.

"Ke," ta ce wa randa, "tambayi wancan na cikin turmi, ko ya sha ruwa tun safe."

Randa ta juyo da faffaɗan bakinta. "Inna ta ce ko ka sha ruwa."

Na girgiza kai, don harshen ya ƙi motsi.

Inna ta dubi farantin zogale, ta gaya masa, "Akwai ruwa a randa."

Wallahi sai da idona ya ciko, duk da ban san inda jikina ya samo ruwan hawayen ba. Na miƙa hannu. Randa ta sunkuyar da faifai, sa'an nan ta ce, murya ƙasa-ƙasa kamar mai jin kunyar tona asirin wani:

"Babu, Inna. Ya hana a zuba."

Hannun Inna ya tsaya cak a kan zogale. Da ta zage ni, da ta ɗauko muciya ta rafka mini, da ya fi mini sauƙi. Ta ajiye faranti, ta miƙe da ƙyar tana dafa gwiwa, ta buɗe faifai, ta zura moɗa har kafaɗarta ta shige, tana kankarar gindin randa ko za ta samo mini ko da maƙwarwa ɗaya.

"Goggo, a matsa mana, aiki muke," in ji Nadabo. "Bawana ya ba da izini. Ku kwantar da ita, ku riƙe ta da kyau."

Ya saita ƙusa, ya ɗaga guduma. Ƙwal!

Na buɗe baki zan ce ya tsaya, na fasa, ban yarda ba, a mayar mini da abata. Maimakon magana sai wani jan fure ya fito daga maƙogwarona ya buɗe a gaban fuskata. Jama'a suka ce, "Kai, masha Allah!" Akuya ta gyara tabarau ta nufo ni, ana bin ta da lema.

Ƙwal!

Inna ta zaro moɗa, ta duba cikinta, ta kife ta. Ko ɗigo. Sa'an nan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta haife ni: ta juyo ta dube ni, ido cikin ido. Leɓenta ya motsa, na kuwa gane sunana za ta kira. Abin da na yi rayuwata duka ina marmari, sai ga shi ya zo, na ji ba abin da nake tsoro a duniya kamarsa. Don na san ba za ta kira ba sai in ta daina jin kunyata, ba kuwa za ta daina jin kunyata ba sai in na tashi daga ɗanta na zama kowa. Na toshe kunnuwana da hannu biyu, ina roƙonta da ido ta yi mini rai ta ci gaba da ce mini wancan. Akuya ta kafa ƙafafunta na gaba a bakin turmi, ta kama furen, ta haɗa da gemuna.

Ƙwal!

Na farka na same ni na cusa kai ƙarƙashin matashi, gari ya yi haske, bakina a bushe ƙamas. Na ce alhamdu lillahi, mafarki ne. Sai na ji daga ƙofar gida: ƙwal, ƙwal.

Ban san lokacin da na tsallake Lantana da tsintsiyarta a tsakar gida ba. Takalmi ƙafa ɗaya, ba hula, na faɗa waje ina ihu, "Kada ka huda! Kada ka huda!"

Ga amalanke a gindin dalbejiya, da buhun ƙasa da jan fure a leda. Guduma da ƙusa suna ajiye a kan buhun, ba a taɓa su ba. Nadabo kuwa ya durƙusa, gumi ya jiƙa masa riga, ya zura hannu cikin randa har kafaɗa, yana buga moɗa a gindinta. Ya ɗago ya harare ni.

"Bawana, wane irin gida ne wannan, randa ba ruwa? Tun daga bakin titi nake turo amalanken nan, na ce in na iso in sha in huce sannan in huda. Tun da nake a duniya ban taɓa zuwa nan na tarar da ita a bushe ba. Kai dai ka ji kunya."

Na duba gindin randar, na shafa, lafiya lau. Na shiga gida na ɗauko bokiti, na yi ta jido ruwa daga rijiya ina zubawa da kaina, Lantana na kallona tana shara wuri ɗaya. Sai da randa ta cika har wuya na mayar da faifai.

"To yanzu sai mun juye," in ji Nadabo. "Ka ga ka ƙara mana aiki."

"Shiga ɗaki," na ce, "ka fito da firiji. Ka zubar da albasar, ka ba Lantana takalmanta. Ka dasa furenka a ciki. Na ado ne, tun ran da na saya."

"Lasifikar fa? Sunan wa za a faɗa?"

"A faɗi na firijin. Yana rubuce a goshinsa."

Ya zage ni, na zage shi, ya tuna mini cewa kakansa ne ya sayi kakana, na tuna masa akasin haka. Amma da ya leƙa ya ga firijin sai ya zagaya shi, ya ce kai, wannan fa ba wanda ya taɓa kawo irinsa. Muka ɗora shi kan amalanke muka ɗaure. Ya tsaya yana haki, yana lasar leɓe, yana satar kallon gindin dalbejiya, girman kai ya hana shi tambaya.

Ban dube shi ba. Na dubi wata kaza da ke tono a bakin kwata, na ce mata, "Akwai ruwa a randa."